Yadda Za Ka Hana Ƙurajen Hapis Tsallakawa Daga Wani Sashen Jikinka Zuwa Wani

Zazzaɓin cizon sauro ya sake ka shekaranjiya. Yau da safe ka tashi ka ji gefen leɓenka na sama yana tsikari, kamar an ɗiga masa ruwan barkono. Kafin la'asar wasu 'yan ƙuraje sun fito a cure wuri guda, kowanne ɗauke da ruwa garai-garai. Mutanen gida suka ce, "Alhamdu lillahi, zazzaɓin ne ya fito." Daga nan yatsa bai sake hutawa ba. Ka taɓa ka ji ko sun ƙaru, ka latsa ka ji ko sun nuna, can kuma ƙura ta shiga idonka, ka kai yatsan nan ka murza. Wannan 'yar tafiyar da yatsa ya yi daga leɓe zuwa ido, ita ce abin da ya sa na zauna rubuta wannan bayani.

Ƙurajen nan ba zazzaɓi ne ya haife su ba, tashinsu kawai ya yi. Wata ƙwayar cuta ce ta dangin bairas da likitoci ke kira hapis, kuma iri biyu ce. Ta farko, HSV-1, ta fi fitowa a leɓe da kewayen baki, yawancin mutane kuma tun suna yara suka ɗauke ta daga sumbatar manya da haɗa cokali da kofi. Ta biyu, HSV-2, ta fi fitowa a al'aura, ta hanyar saduwa ake ɗaukarta. Sai dai kowacce tana iya zama a mazaunin 'yar'uwarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ta farko, wato kashi 64 cikin ɗari, sannan mutum miliyan 520 masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ta biyu. Da yawansu ba su ma sani ba. Don haka wanda ya ga ƙurajen nan a jikinsa ya daina kallon kansa kamar shi kaɗai aka ware.

Idan ta shiga jiki ba ta fita. Takan bi jijiya ta je ta laɓe a wani ƙullin jijiyoyi. Wadda ta shiga ta baki tana kwanciya a ƙullin da ke kula da fuska, can cikin ƙoƙon kai kusa da kunne. Wadda ta shiga ta gaba tana kwanciya a ƙullin da ke ƙasan gadon baya. Ranar da jiki ya yi rauni, ko ta zazzaɓi, ko zafin rana, ko gajiya da damuwa, ko jinin al'ada, sai ta biyo jijiyar ta dawo kan fata. A mai lafiya ba ta yawo cikin jini daga leɓe ta ɓulla a ƙafa. In ka ga ta yi sabon gida a wani wuri mai nisa, galibi ɗaukarta aka yi aka kai, kuma mai dakon nan hannunka ne.

Mataki na farko: ka gane ko wannan ne karo na farko

Kada ka tsallake wannan, don shi ne ke nuna maka yawan tsaron da za ka yi. A karon farko jikinka bai san ƙwayar ba. Garkuwar jiki tana ɗaukar makonni, wani lokaci har kusan wata uku, kafin ta gama haɗa makaman da za ta tare ta da su. A tsakanin nan duk inda ruwan ƙurjin ya taɓa, in dai akwai tsaga a fata ko wurin mai laushi ne irin ido da cikin al'aura, ƙwayar tana iya kama wurin. Yawancin masu yaɗa wa kansu cutar a wannan lokacin suke yi.

Karon farko, in ya zo da alamu, yakan zo da ƙarfi, kwana 2 zuwa 12 bayan an ɗauka: zazzaɓi, ciwon jiki, kaluluwa a wuya ko a matsematsi, ƙuraje masu yawa da raɗaɗi, kuma yakan kai mako biyu zuwa huɗu kafin ya lafa. Wanda kuwa ya saba ganin 'yan ƙurajen a wuri guda duk shekara, suna bushewa cikin kwana 7 zuwa 10, dawowa ce. Shi wannan jikinsa ya riga ya san abokin gaba, kuma da wuya ƙwayar ta iya kafa sabon gida a lafiyayyar fatarsa. Na faɗi haka ne saboda na san akwai masu kwana da fargaba, suna tsoron wanke jikinsu, suna ganin kowane ƙurjin zafi a matsayin hapis. In ka shekara biyar da ƙurajen leɓe, hankalinka ya kwanta. Abu uku ne suka rage maka ka kiyaye: ido, fatar da ta tsage ko take ciwo, da lokacin da garkuwar jikinka ta yi ƙasa.

Mataki na biyu: ka san kwanakin tsaro

Lissafi yana farawa tun daga tsikarin nan ko ƙaiƙayi ko zugin da ke zuwa kafin ƙurji ya fito, sa'o'i kaɗan ko kwana ɗaya zuwa biyu. Haɗarin ya fi tsanani ranar da ƙurajen suka fashe suna tsattsafo da ruwa, don ruwan nan cike yake da ƙwayar. Ba ya ƙarewa sai ɓamɓarokin ya faɗi da kansa, sabuwar fata ta rufe wurin. Ɓamɓarokin da aka ɓamɓare da farce ya mayar da lissafi baya.

Mataki na uku: hannu

Ƙwayar hapis tana lulluɓe da wata 'yar riga ta maiƙo, kuma ba ta iya kama jiki sai da rigar. Sabulu yana narkar da maiƙo. Shi ke nan sirrin. Sabulun wanka na gida ya wadatar, ba sai mai magani ba. Ka jiƙa hannu, ka cuɗa da sabulu na daƙiƙa 20, ka bi tsakanin yatsu da gefen farce da ƙarƙashinsa, ka ɗauraye. In babu ruwa a kusa, man tsabtace hannu mai sinadarin alkohol kashi 60 cikin ɗari ko fiye yana aiki. Ruwa zalla yana rage ƙwayar amma ba ya kashe ta.

Cewa mutum "kada ka taɓa" abu ne mai sauƙin faɗa. Hannu yana zuwa fuska ba tare da mai shi ya sani ba, musamman mai tunani ya dafa haɓa, ko mai barci. Saboda haka ka yanke farce tun ranar farko, ka kuma ɗaura wa kanka doka guda: duk lokacin da na farga na taɓa, sabulu kafin komai. Kafin waya, kafin ido, kafin shiga bayan gida. Wannan na ƙarshen mutane suna mantawa da shi. Mai ƙurajen leɓe a karon farko ya wanke hannu kafin ya kama ruwa, ba bayan ya gama kaɗai ba.

Mu da muke tsarki da ruwa da hannun hagu, akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Mai ƙurajen al'aura dole hannunsa ya taɓa wurin sau da yawa a yini. Babu laifi a cikin wannan, ruwa ma yana rage raɗaɗin fitsari a kan ƙurajen. Ka zuba ruwan a hankali daga buta, ka taɓa sama-sama ba tare da gurzawa ba. Mace ta wanke daga gaba zuwa baya. Abin da ke da muhimmanci shi ne abin da zai biyo baya: daga tsarki mutum yakan wuce alwala kai tsaye, kuma hannun nan na hagu zai shiga wankin fuska. Ka ajiye guntun sabulu a gindin buta, ka wanke hannu da shi tsakanin tsarki da alwala. In a hannun akwai yanka ko tsagar hunturu, ka sa safar hannu ta roba irin ta asibiti kafin tsarki, ka jefar da ita bayan ka gama.

Ita ma alwalar ka lura da jerinta: kurkure baki, shaƙa ruwa, sannan wanke fuska. Da yawanmu muna sa yatsa a baki mu goge haƙora yayin kurkura, sai kuma tafin hannu ya bi fuska yana kai da komo daga haɓa zuwa goshi. A kwanakin ƙurajen leɓe, ka zuba ruwan kurkura a baki ba tare da yatsa ya gogi ƙurjin ba, ka ɗauraye hannu sosai kafin ka ɗebi ruwan fuska. Wankin fuskar kuma ka faro daga goshi ka gangaro, idanu a rufe, leɓe ya zama na ƙarshe, kada hannu ya sake komawa sama sai an ɗauraye shi. Abu ne na 'yan daƙiƙoƙi, kuma sau biyar a yini yana taruwa.

Mataki na huɗu: shafa magani ba da yatsa tsirara ba

Man Acyclovir na shafawa, mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, ana shafa shi sau biyar a yini na kwana huɗu zuwa biyar, kuma amfaninsa ya fi yawa in an fara tun lokacin tsikari. Ka matso kaɗan a kan tsinken auduga irin na goge kunne, ka ɗiɗɗiga a kan ƙurjin, kada ka mulka shi zuwa lafiyayyar fata. Ka jefar da tsinken. Kada bakin kwalbar ya taɓa ƙurjin, kada kuma tsinken da ya taɓa ƙurji ya koma bakin kwalba. Sannan ka wanke hannu duk da haka.

A lokacin hunturu akwai wani tarko. Leɓe yana bushewa ya tsage, kowa yana da gwangwanin basilin ko man kaɗanya a gefen gado. Yatsa ya shiga gwangwani, ya je leɓe, ya dawo gwangwani, sannan a lakato a shafe fuska da kewayen ido da tsagaggun hannaye, wataƙila har a shafa wa yaro. A kwanakin ƙuraje ka ɗebi naka da cokali mai tsabta a wani ɗan murfi daban, na leɓe kaɗai. 'Yar'uwa mai jan baki da man leɓe, ki ajiye su sai wurin ya warke, wanda kuma ya riga ya gogi ƙurji kada ki kai shi kusa da ido ko kunci.

Kada a fasa ƙurajen da allura ko ƙaya. Kada a shafa makilin, ko a fasa kafso a barbaɗa, ko a goga gishiri da lemun tsami. Magungunan da ke cikin kafson nan na kashe bakteriya ne, ba su da tasiri a kan bairas, su kuma masu zafin suna ƙona fatar da ke kewaye su buɗe wa ƙwayar sabuwar ƙofa. Mafi muni shi ne man shafawa mai sinadarin sitiroyid, irin wanda ke cikin mayukan bilicin da yawa da mayukan ƙaiƙayi da ake saya ba tare da takardar likita ba. Aikinsa kwantar da garkuwar fata ne, ita kuwa hapis abin da take jira ke nan.

Mataki na biyar: ido

In za ka manta da komai, kada ka manta da wannan. Ƙurjin leɓe yana warkewa ba tabo. Na ido kuwa yana cin fatar nan mai garai-garai da ta rufe baƙin ido, kuma in ya yi ta dawowa yakan bar hakiya, gani ya ragu ko ya tafi. Hapis tana cikin manyan cututtuka masu yaɗuwa da ke makantar da mutane ta wannan hanya.

Gaskiya ita ce ba kowane hapis na ido ne hannu ya kawo ba. Ƙullin jijiyoyin da ke kula da leɓe shi ne ke kula da ido, wani lokaci ƙwayar takan farka ta biyo reshen ido da kanta. Wanda abin ya same shi kada ya zauna zargin kansa. Amma ƙofar da ke hannunmu mu rufe ta.

Kada ka murza ido da yatsa a kwanakin nan. In ƙaiƙayi ya dame ka, ka wanke hannu tukuna, ko ka danna da kyalle mai tsabta wanda bai taɓa baki ba. Hankicin aljihu da ake share baki da shi a share ido, a raba shi biyu ko a koma takardar share hannu.

Kada miyau ya je ido. Mai hapis na baki yana iya samun ƙwayar a miyansa ko da ƙurji bai fito ba, balle yana nan. Ka dubi mace a gaban madubi da safe: ta zaro tsinken kwalli daga tandu, ta ɗan lasa bakinsa don kwallin ya kama, ta ja a ido ɗaya, ta ja a ɗayan, ta miƙa wa ƙanwarta, ragowar a zizara wa jariri. Babu wanda ya yi niyyar cutar da kowa, amma hanya ce miƙaƙƙiya daga baki zuwa idanun mutum uku. Ki jiƙa tsinken da ruwa mai tsabta in dole ne, kowa kuma da nasa. Haka mai lasar yatsa ya gyara gira ko ya cire kwantsa, da mai sa harshe ya ciro wa yaro abin da ya faɗa masa a ido. Masu sa ɗan gilashin nan da ake mannawa a kan ƙwayar ido su koma tabarau har ƙurajen su warke, kuma kada su taɓa jiƙa shi da miyau.

Ga alamun da za su tashe ka zuwa asibitin ido a ranar, ba gobe ba: ido ɗaya ya yi ja yana zugi, hawaye na zuba, kana jin kamar akwai tsakuwa a ciki, haske yana damunka, gani ya dushe, ko ƙuraje sun fito a fatar ido ko gefen hanci kusa da shi. Ido ɗaya nake nanatawa, don afolo yakan kama biyun ya kuma zaga gida, hapis kuwa galibi ɗaya take kamawa. Likitan ido zai ɗiga wani ruwa mai launi ya haska da shuɗiyar fitila, in hapis ce yakan ga gyambon ya yi rassa kamar reshen bishiya. Akwai maganin ido na musamman, man Acyclovir mai kashi 3 cikin ɗari ko Ganciclovir, ko ƙwayoyin sha. Man leɓe mai kashi 5 ba na ido ba ne, kada a kuskura a sa.

Ina roƙonka da babbar murya, kada ka je kemis ka ce a ba ka maganin jan ido. Da yawa daga cikin magungunan ɗigawa da ake bayarwa suna ɗauke da sitiroyid, za ka ga an rubuta Dexamethasone ko Betamethasone ko Prednisolone a jikin kwalin. Jan zai ragu kwana biyu, ka ji daɗi, alhali gyambon yana faɗaɗa yana nitsewa. Likitan ido kaɗai ya san lokacin da ake haɗa irin wannan da maganin bairas. Haka ruwan sukari, nonon uwa, ruwan albasa da ruwan ganye, duk a nisanta su da ido. Wanda ke kusa da Kaduna akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa, a Kano akwai asibitin ido na ECWA, manyan asibitocin koyarwa kuma duk suna da sashen ido.

Mataki na shida: yatsa

In ƙwayar ta shiga ta tsagar gefen farce, kan yatsa yakan kumbura, ya yi ja, ya riƙa zugi kamar zuciya ta koma can, sannan 'yan ƙuraje masu ruwa su fito a cure. Kowa zai ce ɗan karkare ne, kuma maganin ɗan karkare a wurin mutane shi ne a tsaga a matse. A nan ake kuskure. Ɗan karkare na bakteriya yana tara mugunya, tsagawa tana taimaka masa. Na hapis ruwa ne a ciki, tsagawa ba ta rage komai sai dai ta watsa ƙwayar ta kuma gayyato wata cutar. Da kansa yake warkewa cikin mako biyu zuwa uku, ƙwayoyin sha kuma suna gaggauta shi. Ka gaya wa ma'aikacin lafiya cewa kana da ƙurajen baki ko na gaba a kwanakin nan kafin ya ɗauko reza. Ka rufe yatsan da busasshen bandeji, don yanzu shi ma ya zama mai rabawa, kuma shi ne mai zuwa ido. Maganar alwala da bandeji, shafa a kan ɗauri sananne ne a fiƙihu, ka tambayi malaminka yadda ake yi.

Masu cizon farce da masu ɓantarar fatar gefen farce da haƙori su suka fi faɗawa wannan.

Mataki na bakwai: aski, wanka, tawul

Reza tana yin ƙananan yankan da ido ba ya gani, sannan ta kwashi ruwan ƙurji ta bi da shi kansu. Haka ake samun hapis ta bazu a gemu da wuya. Ka dakatar da gyaran fuska har ƙurjin ya warke. In ba makawa, ka bar tazara a kewayensa, ka kuma jefar da rezar. Ka faɗa wa wanzami ko mai kilifa ya kauce wa wurin, ko ka haƙura da zuwa mako guda. Askin gaba ma haka, da reza ne ko da man cire gashi, a jira wurin ya rufe.

A wanka, ka bar wurin ƙurajen ya zama na ƙarshe, ka wanke shi da hannu da kumfa, ban da soso. Ruwan wankan da ke gangarowa jiki ba abin tsoro ba ne, sabulu ya gama da ƙwayar. Ƙwayar ba ta daɗewa a busasshen wuri, amma a jiƙaƙƙen tawul takan ɗan jima. Ka goge fuska da jiki tukuna, wurin ƙurajen kuma ka danna shi da wani ƙaramin kyalle daban ko takarda. Wanki na yau da kullum da omo da shanya a rana ya isa. Ba sai an tafasa kaya ko an ware kwanuka har abada ba, kuma ba a ɗaukar hapis daga bakin masai. Wando na auduga mai sakin jiki yana rage gogayya da gumi.

Ma'aurata: bakin da ke da ƙurji kada ya kusanci al'aura, miyau kuma kada ya zama abin jiƙa gaba, naka ko na iyalinka. Saduwa ta dakata daga tsikari har warkewa.

Mataki na takwas: in fatarka ko garkuwarka tana da rauni

Duk sassaucin da na yi a mataki na farko bai shafi waɗannan ba. Mai cutar bushewar fata da ƙaiƙayi da likitoci ke kira egzima, musamman yaro, fatarsa a buɗe take ko'ina. Hapis tana iya mamaye ta cikin kwanaki kaɗan: ƙuraje masu yawa iri ɗaya, kamar an huhhuda fatar, ga zazzaɓi ga kasala. Wannan na gaggawa ne, asibiti a ranar. Haka mai ƙuna, mai ɗauke da cutar ƙanjamau da bai samu magani ya zauna masa ba, mai karɓar maganin daji, wanda aka yi wa dashen ƙoda, da mai shan sitiroyid na dogon lokaci. Su ƙurajensu sukan fi girma, su daɗe, su bazu. Duk wanda ƙurjinsa ya wuce mako biyu zuwa uku bai nuna alamar warkewa ba, ko yake dawowa a kai a kai, ya yi gwajin ƙanjamau. Dama hapis ta al'aura tana ninka haɗarin ɗaukar ƙanjamau kusan sau uku, saboda ƙofar da gyambon ke buɗewa.

Mataki na tara: ƙwayoyin sha

Suna rage kwanakin da ƙurji ke zubar da ƙwayar, don haka suna rage damar yaɗuwa. Guda uku ne: Acyclovir, wanda ya fi samuwa da araha, sai Valacyclovir da Famciclovir. Ba sa fitar da ƙwayar daga maɓoyarta. Har yau babu maganin da ke yin haka, na asibiti ko na gargajiya, duk mai tallar "maganin sanyi" da ya ce zai wanke maka ita daga jini kuɗinka yake so. A karon farko na al'aura, abin da aka saba ba babba shi ne Acyclovir miligiram 400 sau uku a yini na kwana 7 zuwa 10. Mai yawan dawowa likita na iya ɗora shi a kan 400 sau biyu kullum don danne ta. Likita ne zai yanke, don mai ciwon ƙoda da yaro da mai ciki kowanne da nasa lissafin. A sha ruwa sosai da shi. In azumi ake, ka faɗa wa likita ya duba tsarin da ake sha sau biyu, sahur da buɗa-baki.

Yara

Yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar shi ne ya fi kowa yaɗa wa kansa, don karon farkonsa ne kuma hannunsa a baki yake kwana. Za ki ga zazzaɓi, dasashi ya kumbura yana jini, ƙuraje a harshe da leɓe, miyau na dalala, ya ƙi abinci. Bayan kwana kaɗan babban yatsan da yake tsotsa ya kumbura, ko ƙuraje su fito a haɓa inda miyau ke bi, ko a fatar ido inda yake murzawa in yana kuka. Ki yanke masa farce, ki yawaita wanke masa hannu, ki riƙa danne miyan da kyalle mai laushi, ki sa masa safa mai tsabta a hannu lokacin barci. Ki dage da ba shi ruwa da abu mai sanyi kaɗan-kaɗan, don ƙishirwa ce ke kai irin waɗannan yara gadon asibiti. Ki kai shi a duba shi da wuri, maganin sha ya fi amfani a kwana ukun farko.

Jariri sabon haihuwa kuwa, a makonni shidan farko hapis tana iya kashe shi. Ranar suna kowa yana son ya ɗauka ya sumbata. Mai ƙurji a leɓe, ko uwa ce ko kaka, kada ta sumbace shi, ta wanke hannu kafin ta ɗauka. Mai jego da ƙurji ya fito mata a kan nono kada ta shayar da wannan nonon sai ya warke. Mai ciki da ta ga ƙurajen gaba, musamman karon farko a watannin ƙarshe, ta faɗa a wurin awo tun kafin naƙuda.

In ka ga ƙurji a sabon wuri

Kada ka yanke hukunci da ido. Mai hapis ta al'aura yakan ga ta fito a ɗuwawu ko cinya ko ƙasan baya, ya ɗauka shi ya kai ta. Ba haka ba ne, jijiyoyin wuraren nan daga ƙulli guda suka fito, ƙwayar ta sauya reshe ne kawai. Haka ta leɓe takan ɓulla a ƙofar hanci ko haɓa. Farin gyambon nan mai zafi da ke fitowa a cikin kunci ko ƙarƙashin harshe shi kaɗai, galibi ba hapis ba ne kuma ba ya yaɗuwa. Ƙurajen da suka yi layi kamar ɗamara a gefe guda na ƙirji ko baya da zafi mai tsanani, ƙwayar ƙarambau ce ta farka, dangi ne amma ba ita ba ce, adadin maganinta ma daban ne.

Hanyar tabbatarwa ita ce a dangwali ruwan ƙurjin a gwada, kuma gwajin ya fi kamawa a kwana biyun farko, kafin ya bushe. In asibitin da ke kusa da kai ba su da gwajin, ka ɗauki hoton wurin da waya a cikin haske tun ranar farko, ka rubuta ranar da tsikarin ya fara da abin da ya gabace shi, ka tafi da su wurin likitan fata. Kafin ka je, ka rufe wurin da busasshiyar auduga da filasta, kada ka shafa masa komai.